Filin jirgin Gusau: Wa zai riƙa yi wa titin yaɓe?

Tun daga watan Yunin 2024, lokacin da Gwamna Dauda Lawal da Ministan Sufurin Jiragen Sama Festus Keyamo suka ƙaddamar da aikin gina filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a Gusau, muhawarar da ake tafkawa a Zamfara ba ta cika wuce tambayoyi biyu ba: nawa aikin zai ci, kuma yaushe jirage za su fara jigila. An bai wa kamfanin Triacta kwangilar a kan kuɗi sama da naira biliyan 60, kuma ƙashin bayan aikin shi ne titin sauka da tashin jirage mai tsawon kilomita 3.4. Sai dai akwai tambaya ta uku wadda ba a jin ta a dandalin siyasa, alhali ita ce za ta nuna ko wannan dukiya za ta yi albarka ko za ta bi ruwa. Bayan ɗan kwangila ya kwashe motocinsa ya tafi, wa zai riƙa kula da titin, da wane irin gyara, a wane lokaci, kuma da kuɗin wa?

Mutanen yammacin jihar, daga Anka zuwa Bukkuyum da Gummi, ba sa bukatar injiniya ya yi musu bayanin abin da ke faruwa idan aka gina abu aka juya masa baya. A watan Satumban 2025 wata mota ɗauke da 'yan rakiyar amarya ta faɗa ruwa daga gadar Gwalli da ke Ƙaramar Hukumar Gummi, gadar da ta daɗe da lalacewa, kuma kafofin yaɗa labarai sun ruwaito cewa mutum 19 ne suka rasa rayukansu. Ruwa ba ya cin gada a dare ɗaya. Yakan fara da zaizayar ƙasar da ke gefe, damina bayan damina, a kan idon kowa, a lokacin da kuɗi kaɗan za su iya tare shi. Titin jirgi ma haka yake mutuwa, bambancin kawai shi ne direban mota na iya rage gudu ya kauce wa rami, amma jirgin da ke taɓa ƙasa da gudun sama da kilomita 200 a awa ba shi da wannan zaɓi.

Darasin Abuja da Enugu

Ba sai mun je nesa neman misali ba. An buɗe filin jirgin Abuja a 1982, aka kuma tsara titinsa domin ya yi kimanin shekara 20 kafin a sabunta shi. Wa'adin ya cika a wajen 2002, amma aka ci gaba da lallaɓa shi da faci a kan faci har tsawon wasu shekaru 15. Da abin ya kai maƙura, kamfanonin jiragen waje suna kukan cewa titin na lalata musu tayoyi da ƙafafun jirage, sai gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe filin ɗungurungum a ranar 8 ga Maris 2017, Hadi Sirika yana ƙaramin ministan sufurin sama. Kamfanin Julius Berger ya yi aikin a kan naira biliyan 5.8, aka sake buɗe filin a ranar 18 ga Afrilu. Makonni shida babban birnin ƙasa ba shi da filin jirgi. Fasinjoji suka koma sauka a Kaduna, ana kwasar su zuwa Abuja a mota da rakiyar jami'an tsaro ko a jirgin ƙasa, kuma a cikin kamfanonin ƙetare na Habasha ne kaɗai ya yarda ya karkata jiragensa zuwa can. Asarar da otal-otal da direbobin haya da 'yan kasuwa suka yi ba ta shiga cikin biliyan 5.8 ɗin ba.

Na Enugu ya fi ban takaici. An rufe filin jirgin Akanu Ibiam a watan Agustan 2019 saboda lalacewar titi, Shugaban Ƙasa ya amince da naira biliyan 10, ba a kuma sake buɗe shi ba sai ƙarshen Agustan 2020. Shekara biyar ba ta cika ba, a watan Afrilun 2025, hukumar FAAN mai kula da filayen jiragen sama na tarayya ta sake dakatar da zirga-zirga a filin saboda kwaltar ta fashe a wani muhimmin sashe na titin. Abin da aka daɗe ana faɗa game da Enugu shi ne ruwa na kwanciya a ƙarƙashin wani ɓangare na titin. Idan cutar tana ƙasa aka yi wa sama magani, sai dai a ɗage ranar jinya.

A farkon 2025 shugabar FAAN, Olubunmi Kuku, ta ce ana bukatar kimanin naira biliyan 580 domin gyara titunan jiragen sama na ƙasar nan, waɗanda akasarinsu tun ƙarshen shekarun 1970 aka shimfiɗa su. Wannan hukumar tarayya ke nan, mai samun kuɗin shiga daga Legas da Abuja da Kano da Fatakwal. To ina ga jihar da ke dogaro da kason wata-wata, kuma matsalar tsaro na cin kaso mai tsoka na abin da take samu?

Rana ce za ta fara cin sa

Mutane da yawa suna zaton nauyin jirage ne ke kashe titi, don haka filin da jirgi ɗaya ko biyu ke sauka a rana zai daɗe bai nemi gyara ba. Wannan zato ne ya yaudari jihohi da dama. A manyan filaye irin na Legas nauyi na da tasiri sosai, amma a filin da ba shi da cunkoso, irin na Dutse ko Birnin Kebbi ko Bauci, kuma da alama Gusau za ta shiga sahunsu a shekarun farko, yanayi ne babban abokin gaba.

Abin da muke kira kwalta cakuɗa ce ta tsakuwa da yashi da garin dutse, waɗanda baƙin danƙo da ake samu daga tace ɗanyen mai ya haɗe su. Danƙon nan bai wuce kashi biyar zuwa shida cikin ɗari na nauyin cakuɗar ba, amma shi ne ran titin. Rana da iska suna busar da shi sannu a hankali. A bazara, lokacin da zafin iska ke kaiwa digiri 40 a Gusau, fuskar kwalta na iya haura digiri 60. Da daren hunturu kuma ta yi sanyi ta takure. Shekara ta zagayo, danƙon ya rasa maiƙonsa, titin da aka san shi baƙi wuluk ya koma ruwan toka, ya taurare, ya fara tsagewa ko da ba jirgin da ya taka shi. Hasali ma kwaltar da tayoyi ke murzawa kullum takan fi jure tsufa a kan wadda aka bari a shanye, shi ya sa gefunan titin jirgi kan riga tsakiyarsa tsagewa.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ruwa ne ƙadangaren. Damunar Zamfara gajera ce, amma daga Yuli zuwa Satumba ruwan kan sauko da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Da ya bi ta tsagar da ba ta kai kaurin yatsa ba, sai ya isa ga shimfiɗar tsakuwa da marmarar da ke ƙasa, ya jiƙa su, ya rage musu ƙarfi. Sa'an nan ne nauyin jirgi ke zuwa ya ƙarasa aikin. Duk wanda ya taso a gidan ƙasa ya san wannan ilimi: kafin faɗuwar ruwa ake hawa soro a yi yaɓe, a toshe tsaga, a gyara indararo. Maigidan da ya yi haka duk shekara zai bar wa jikokinsa ɗakin. Wanda ya ce sai ya ga yoyo, azara zai saya.

Hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, tana da wani zane da take koyar da masu kula da filaye da shi. Zanen ya nuna cewa titi kan rasa kashi 40 cikin ɗari na ingancinsa a cikin kashi uku bisa huɗu na rayuwarsa, sannan ya sake rasa wani kashi 40 a cikin kashi 12 cikin ɗari kacal na rayuwar. Ga titin da aka tsara wa shekara 20, ma'anar ita ce zai yi shekara 15 yana gangarawa a hankali, sannan ya rufta cikin shekara biyu da rabi. Gyaran da zai ci dala ɗaya kafin ruftawar zai ci dala huɗu zuwa biyar bayanta. Haɗarin da ke cikin wannan lissafi na siyasa ne: shekarun da gyara ke da araha su ne shekarun da titin ke da kyaun gani, kuma babu kwamishinan da ke jin daɗin kai wa majalisar zartarwa takardar neman kuɗin gyaran abin da kowa ke ganin lafiyarsa ƙalau.

Kowace cuta da maganinta

Zaɓen gyara na farawa ne da awo. Tun shekarun 1970 injiniyoyin sojan Amurka suka ƙirƙiro wani ma'auni da ake kira PCI, wanda ke ba titi maki daga sifili zuwa 100. Ba ya bukatar na'ura mai tsada. A kan raba titin gida-gida, masu dubawa su bi da ƙafa da igiyar awo da takarda, su rubuta irin lahanin da suka gani, da tsananinsa, da faɗinsa, sannan a fitar da maki. Titin da ke sama da maki 70 yana hannun rigakafi. Tsakanin 55 da 70 an shiga lokacin babban gyara. Idan ya faɗi ƙasa da 40, galibi sai dai a fasa a sake.

Makin kaɗai ba ya isa, sai an karanta siffar lahanin, kamar yadda likita ba ya tsayawa a kan zafin jiki. Tsagar da ta miƙe a tsaye ko a kwance, ko ta yanka titin gida-gida kamar fegin gona, alamar tsufa ce da sauyin zafi da sanyi. Maganinta mai sauƙi ne: a faɗaɗa bakinta kaɗan da inji, a hure ƙurar da ke ciki da iska mai ƙarfi, a ɗura mata narkakken danƙo mai haɗi da roba. Wannan shi ne gyara mafi araha kuma mafi riba a duk harkar, kuma shi aka fi watsarwa. Lokacinsa a ƙasarmu shi ne rani, musamman hunturu, sa'ad da titin ya bushe tsagar kuma ta buɗe baki. Amma ƙurar hunturu na iya ɓata aikin, domin danƙon da aka zuba a kan ƙura ba ya kamawa, damina ɗaya zai ɓalle.

Idan kuwa tsagar ta fito ƙanana-ƙanana a haɗe kamar fatar kada, a daidai inda tayoyi ke bi, to magana ta canza. Wannan na nufin abin da ke ƙasa ya gaji da ɗaukar kaya. Duk wanda ya kawo takardar cewa zai like ta ko ya fesa mata danƙo, kuɗin jama'a zai binne. Dole a yanka wurin, a tona har inda ɓarnar ta tsaya, a gano dalilin da ya sa ruwa ke taruwa, sannan a cike. Haka ma lotsawar da ke bin sawun taya, wadda ruwa ke kwanciya a ciki.

Tsakanin waɗannan biyu akwai magungunan fuska. Mafi sauƙinsu shi ne feshin danƙon da aka tsinka da ruwa, siriri kamar raɓa, wanda ke mayar wa kwalta maiƙonta ya kuma riƙe tsakuwar da ta fara sakin jiki. Yana da araha, yana kuma ƙara 'yan shekaru idan aka yi shi da wuri, kafin tsaga ta yi yawa. Illarsa ita ce yakan sa titi santsi a kwanakin farko, don haka a kan titin sauka da tashi ba a yin sa sai da gwaji a ɗan yanki, da awon kamun taya kafin a bar jirgi ya sauka. A gefunan titi da hanyoyin da jirgi ke bi a hankali zuwa farfajiya kuwa, babu wannan fargaba sosai. Akwai kuma kunun kwalta, wato danƙo da yashi mai laushi da ake shafawa da kaurin 'yan milimitoci. Shi ma yana rufe fuska, amma ba ya ƙara wa titi ƙarfin ɗaukar kaya ko kaɗan, abin da ya kamata duk mai duba takardar kwangila ya riƙe.

Akwai wani gyara da 'yan kwangilarmu suka ƙware a kai, wanda ya yi mana amfani a hanyoyin karkara: a fesa danƙo, a watsa tsakuwa, a bi da injin daɓe. A hanyar mota ba laifi, domin tsakuwar da ta ɓalle sai dai ta fasa gilashi. A titin da jirage masu injin jet ke sauka kuwa ba a kusantar sa. Injin jirgi na zuƙar iska da ƙarfin da zai ɗauki tsakuwa daga ƙasa, kuma ɗan dutse guda na iya lalata injin da kuɗinsa ya kai miliyoyin daloli. Masu harkar jirage ba sa manta abin da ya faru a Faris ranar 25 ga Yulin 2000, lokacin da jirgin Concorde ya taka wani ɗan sillen ƙarfe da ya faɗo daga wani jirgi a kan titi, tayarsa ta fashe, tankin mai ya huje, mutum 113 suka mutu. Wannan ne dalilin da ya sa ƙa'idar hukumar ICAO ta duniya ta tanadi a riƙa duba titin babban fili aƙalla sau biyu a rana, kuma shi ya sa kwaltar da ta fara zubar da tsakuwa ake ɗaukarta a matsayin matsalar rai tun kafin rami ya fito.

Daga nan sai babban gyara: a kankare saman kwaltar da inji a shimfiɗa sabuwa. Bari mu yi ɗan lissafi irin na kasuwa. Idan titin Gusau na da faɗin mita 45 da aka saba yi wa irinsa, to fuskarsa ta kai murabba'in mita 153,000, wato sama da hekta 15. Sabuwar shimfiɗa mai kaurin santimita 5 kawai za ta ci kwalta kimanin tan 18,000, lodin tifa mai tan 30 har sau 600, ban da gefuna da hanyoyin shiga da fenti da fitilun da za a cire a mayar. Kuma duk da ɗimbin danƙon kwalta da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa a Jihar Ondo, akasarin wanda ake aiki da shi a Najeriya daga waje ake sayo shi da dala. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 kafin Yunin 2023 zuwa sama da naira 1,400 a shekarar da ta biyo baya, ya san abin da jinkirta wannan aiki da shekara biyar ta hanyar rigakafi ke nufi ga baitulmalin jiha.

Farfajiyar da jirage ke tsayawa tana da nata hukunci. Man jirgi ɗan'uwan kananzir ne, yana narkar da kwalta idan ya zuba, kuma jirgin da ya tsaya wuri ɗaya cikin rana yakan lotsa ta. Saboda haka ake fifita daɓen siminti a nan. Shi kuma siminti rauninsa na wurin mahaɗar falankansa. Idan ba a sabunta abin da aka like su da shi ba, ruwa ya shiga, ƙasa ta zaizaye, kusurwoyi su karye. Kada kuma a ɗauka siminti maganin komai ne. Jihar Ebonyi ta gina titin filin jirginta da siminti, aka buɗe shi a 2023, amma kamfanonin jirage suka ƙi sakin jiki da shi, har sai da sabuwar gwamnatin jihar ta ware sama da naira biliyan 13 domin a shimfiɗa kwalta a kai.

Jigilar alhazai da zafin bazara

Babbar hujjar gina filin Gusau a wurin talaka ita ce aikin Hajji. Shekara da shekaru maniyyatan Zamfara suka riƙa ɗaukar hanyar Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 200 a hanyar da kowa ya san halin da take ciki, domin su hau jirgi a filin Sultan Abubakar III. To amma jiragen alhazai su ne mafi nauyin da titin zai gani. Boeing 747-400, irin wanda kamfanin Max Air ya daɗe yana jigila da shi, yana kusantar tan 400 idan ya cika maƙil, kuma iskar da ke cikin tayarsa ta ninka ta tayar tirela kusan sau biyu.

Abin lura shi ne kalanda. Aikin Hajji na matsowa baya da kimanin kwana 11 duk shekara. An yi hawan Arfa a farkon Yunin 2025, kuma a shekarun da ke tafe jigilar tafiya za ta riƙa faɗawa cikin Afrilu, daga baya ta koma Maris. Wato dai jirage mafi nauyi za su riƙa taka titin a watannin da kwalta ta fi laushi, tana kuma sabuwa. Wurin da ya fi shan wahala shi ne ƙarshen titi, inda babban jirgi ke juyawa a hankali tayoyinsa na murɗe fuskar kwaltar. Hankali zai ba da cewa a auna titin kafin jigila da kuma bayanta, a kuma kafa dokar inda manyan jirage za su riƙa juyawa. Ƙarfin titin ma dole a bayyana shi a hukumance da sabon tsarin ACR-PCR da ICAO ta fara aiki da shi a watan Nuwamban 2024, domin duk kamfanin da zai kawo jirgi ya san iyakar abin da titin zai ɗauka. Ranar da wani babba ya matsa lamba a sauke jirgin da ya wuce wannan iyaka, ya kamata a sami jami'in da doka ta ba ƙarfin cewa a'a.

Ƙarancin zirga-zirga na da nasa alheri. Lokacin da Jamus ta sabunta ɗaya daga titunan filin Frankfurt a farkon shekarun 2000, da dare aka riƙa aikin, mita 15 a kowane dare, har kusan dare 300, domin da asuba jirage su ci gaba da sauka. Gusau ba ta bukatar wannan wahala mai tsada. Tana iya rufe titinta na awoyi ko kwanaki a cikin hunturu ta yi gyaranta da rana tsaka. Haka kuma ba ta bukatar sayen kowace na'ura. Robar da tayoyi ke gogawa a wurin sauka tana sa santsi idan ruwa ya zuba, amma shawarar FAA ga titin da bai kai saukar jet 15 a rana ba ita ce a auna kamun taya sau ɗaya a shekara, a wanke robar sau ɗaya a shekara biyu. Na'urar da za ta yi aikin mako guda ta kwana sauran shekarar a gareji, tsatsa za ta ci. Zamfara da Sakkwato da Kebbi da Katsina na iya haɗa hannu a kan na'ura ɗaya da ayarin ma'aikata ɗaya, ko su yi haya daga FAAN. Gwamnonin Arewa maso Yamma suna da zauren da suke haɗuwa. Wannan na cikin ƙananan abubuwan da za su iya cimmawa a zama guda.

Inda gizo ke saƙa

Ma'aikatan gwamnati sun fi kowa sanin inda maganar za ta cije. A kasafin kuɗinmu gina sabon abu na shiga manyan ayyuka, a yi masa biki, a yanka ƙyalle, a manna allo da sunan mai girma. Gyaran yau da kullum kuwa yana shiga kuɗin gudanarwa, su ne na farko da ake zaftarewa idan kason wata ya gaza, su ne kuma na ƙarshe da ake saki. Babu wanda ake ɗauka hoto yana like tsaga. Ga shi kuma ƙaramin aiki ba ya jan hankalin masu neman babbar kwangila, abin da ba sai an faɗe shi da babbar murya ba. Tsarin da kansa yana saka wa wanda ya jira abu ya ruguje.

Amurka ta magance wannan da doka: tun 1995, duk filin da ya karɓi tallafin tarayya domin gina ko sabunta titi sai ya nuna yana da rubutaccen tsarin kula da shi, da tarihin duk dubawar da aka yi da duk gyaran da aka gudanar. A nan gida Shugaba Buhari ya sa hannu a kan Umarnin Zartarwa mai lamba 11 a watan Afrilun 2022 game da kula da gine-ginen gwamnati, amma umarnin tarayya ba ya ɗaure jiha. Majalisar Dokokin Zamfara ce za ta iya ɗaure gwamnatin jihar, ta yau da ta gobe, ta hanyar ware wani kaso na dindindin da sharaɗin a riƙa kawo mata rahoton makin titin duk shekara. Tunanin cewa za a miƙa filin ga Gwamnatin Tarayya a huta, kamar yadda wasu jihohi suka nema, bai kamata ya kwantar wa kowa da hankali ba. Layin masu jiran biliyan 580 ɗin nan yana da tsawo, kuma wanda ya zo daga baya a baya zai tsaya.

Mutumin Gummi ko Nasarawar Burkullu na iya cewa: mu da hanyar Mayanchi zuwa Anka da Daki Takwas ta dame mu, mu da gada ta ci mana mutane, me ya haɗa mu da kwaltar masu hawa jirgi? Ƙorafin na da tushe, kuma da kafin a fara aikin ne, da an yi doguwar muhawara a kan wanne ya fi cancanta. Amma kuɗin ginin sun riga sun fita. Abin da ya rage shi ne ko filin zai riƙa cin 'yan miliyoyi duk shekara, ko kuwa a wayi gari bayan shekara 12 ko 15 yana neman biliyoyi a lokaci guda, ga maniyyata sun biya kuɗin kujera, ga hukumar NCAA ta ce ba za a sauka ba. A irin wannan rana babu gwamnan da zai ƙi biya, kuma daga asusun da ake gina gadoji da kwalbatoci da asibitocin karkara za a ɗebo kuɗin.

Akwai abin da ya fi gaggawa a yanzu, tun ɗan kwangila bai yi nisa ba. A al'adar kwangila akwai wa'adi, galibi wata 12 bayan miƙa aiki, wanda duk lahanin da ya bayyana a cikinsa ɗan kwangila ne zai gyara da kuɗinsa, kuma gwamnati kan riƙe wani kaso na kuɗin har wa'adin ya cika. Wannan wa'adi ya ƙunshi damina ɗaya tak. Ya kamata injiniyoyin jihar, ba na kamfani kaɗai ba, su fita kan titin ana tsaka da ruwan Agusta su ga inda yake kwanciya, su bi lambatu har inda yake zubarwa, su tabbatar gangaren da aka yi wa titin daga tsakiya zuwa gefe, wanda ƙa'ida ta sa tsakanin kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari, yana korar ruwa yadda ya kamata. Su kuma karɓi zanen aikin kamar yadda aka gina shi a zahiri, da sakamakon gwajin kowace shimfiɗa, da bayanin irin danƙon da aka yi amfani da shi, a ajiye kwafi a ma'aikatar ayyuka da kuma filin jirgin, sannan a yi awon PCI na farko kafin a saki ragowar kuɗin ɗan kwangila.